Takabar Mai Ɗinkinmu

A shekarun da Turawa ke ta jayayya a kan ko mace za ta iya auren mace, namiji ya auri namiji, ni ce mai kawo rahoto a taron matanmu na unguwar Old Trafford da ke Manchester. Ba don na fi kowa sani ba. Ni ce dai malamar makaranta, kuma an san ina da wata cuta ta karanta hukuncin alƙalai kamar yadda wasu ke bin wasan kwaikwayo. Duk ƙarshen wata, in an gama da wake da shinkafa, shugabarmu, wadda muke kira Magajiya kamar yadda ake yi a zangon Kumasi, sai ta suɗe yatsa ta ce, "To Malama, ina alƙalan nan masu hular gashin doki suka kwana?"

Sai in faɗa. A nan 'yan majalisa ne suka yanke magana, a Amurka alƙalai ne, a gida kuwa ana ta kai ƙara ana dawowa. A yi salati, a tafa hannu, a ce duniya ta zo ƙarshe, sannan a zuba shayi. Abin da ban taɓa sakawa a rahoton ba shi ne, duk rigar da ke jikinmu a ɗakin nan hannu ɗaya ne ya ɗinka ta, kuma kowaccenmu ta san inda mai hannun ke kwana.

Ina da yaya, 'yar wan mahaifiyata, nas ce a Birmingham. A Ladywood take, can saman wani dogon bene da lif ɗinsa ke nishi kamar tsoho. Tare suke zaune da wata mai ɗinki, 'yar zangonmu, wadda yara suka sa wa Anti, manya ma suka bi. Sun fi shekara ashirin a flat ɗin nan. In baƙo ya tambaya, amsarmu a shirye take: haya ce ta yi tsada. Ɗaki biyu ne a gidan. Ɗaya keken ɗinki da atamfofi sun cika shi har rufi, babu inda za a shimfiɗa ko sallaya. Dukkanmu mun shiga ɗakin an auna mu. Mata ne mu masu iya ƙirga awarwaron amarya daga ƙofar zaure, amma ƙirga gado ya gagare mu shekara ashirin.

Ciwon Yaya bai ja lokaci ba. Mu uku muka sauka daga Manchester: ni, Magajiya, da ƙanen Yaya, direban tasi a Salford. Muka tarar da Anti a asibiti, a bakin ɗakin da Yaya ta cika, ta naɗe hannu a cinya. Wata ma'aikaciya ta fito ta ce tana neman mafi kusa da mamaciya. Ƙanen ya miƙe yana gyara hula. Matar ta dube shi da ladabi, ta ce a'a, matarta take nufi, ta nuna Anti. Ashe sun daɗe da zuwa ofishin rajistar aure, abokan aikin Yaya biyu suka tsaya musu shaida.

Magajiya, wadda ta yi shekaru tana faɗa da council, wato hukumar gari, da Turancin da ke sa ma'aikaci neman ruwa, nan take Turancinta ya ƙare. Ta juyo ta ce, "Malama, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce Anti ce za ta sa hannu."

Ta ce, "To ai ita ta fi kusa da asibitin."

Anti ta sa hannu, ta juyo ta ce wa ƙanen, "Ga ta nan. Ku yi mata yadda ake yi." Doka ta ba ta ikon komai, har inda za a binne, ba ta riƙe ko ɗaya ba. Abu guda ta roƙa, a bar ta ta yanka likkafani. Na tsaya a kanta tana yanka. Ba ta ɗauko tef ɗin awo ba.

A Manchester aka binne Yaya, a Salford aka yi zaman makoki. Matar ƙanen, wadda rabonta da yi wa Yaya magana tun wani biki da aka yi rigimar anko, ita ta zauna a tsakiyar falo ana ce mata ya haƙuri, tana cewa da godiya. Anti tana kicin. Duk wadda ta shiga ajiye kwano sai ta ce, "Anti sannu da aiki, tuwon nan ya yi." Ta ce, "Yauwa."

Bayan sadakar bakwai ƙanen ya tare ni a bakin motarsa. "Malama, ke da kika yi karatu. Takardar nan ba a iya rushe ta? In lauya ne a ɗauka."

Na ce masa gaskiyar abin da na sani. Dokar ƙasar tana bayan Anti. Ko da ba haka ba ne ma, kotu ba zauren mai unguwa ba ce da za ka ce "wancan al'amarin" kowa ya gyaɗa kai. Sai ka tsaya ka faɗi da bakinka abin da kake so a rushe, akawu ya rubuta, duk mai so ya karanta.

Ya ce, "Da sunanta?"

Na ce, "Har da na babanku."

Ya jujjuya makullin mota a hannu, ya ce, "A bar wa Allah." A duk shari'un da na bi, ban ga wadda aka gama da sauri kamar wannan ba.

An yi kamar wata biyu na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham karɓo ɗinkin wani suna. Da Anti ta buɗe ƙofa na ɗauka rashin lafiya take. Babu kwalli a idonta. Kunnenta babu ɗan kunne, ramin hujin kawai. Ita da ƙamshin humrarta ke riga ta shiga ɗaki, ranar sabulu kaɗai na ji. Wani zane mai duhu ne a jikinta, ɗankwalin ya zame na ga kan a tsefe. Na ce ta zo mu je kasuwa ta sha iska, ta ce maƙwabciya na yi mata cefane. Na ce za ta zo sunan? Ta ce a'a, ba ta kwana a waje yanzu. A hankali take magana, a hankali take tafiya, kamar mai ɗauke da ruwa a faranti.

Sai da na zauna na gane, domin na ga mahaifiyata a wannan kama bayan rasuwar babanmu. Na ce, "Anti, takaba kike yi?"

Ta ci gaba da naɗe ɗinkin. Ta ce, "Kin ga dai abin da kika gani."

A taron ƙarshen wata ba a tambaye ni labarin masu hular gashin doki ba, domin mu ma mun kafa tamu kotun. Wata ta ce, "Takabar wa? Takaba ai ta miji ce." Wata ta ce wasa da addini ne, in ba miji ba kwana uku aka yarda mace ta yi. Wata ta ce ku bar baiwar Allah, baƙin ciki ne kawai, kowa da yadda yake kama shi. Wata tsohuwa daga can ƙurya ta ce, "Baƙin cikin ne ya san ba a kwana a waje?" Ni kaina abin da aka koya min tun ina allo shi na sani, ban canza ba. Amma na ga idon nan babu kwalli, kuma ban samu shafin da zan ajiye shi ba.

Magajiya ta yanke hukunci. "Malama ta je karɓo ɗinki, ta karɓo. Ba mu ga komai ba." Babu ɗaukaka ƙara.

Shiga takaba mace ita kaɗai take shiga. Fita kuwa fitar da ita ake yi. In wata huɗu da kwana goma suka cika, mata ne ke taruwa, tsofaffi a gaba. A yi mata wanka, a yi kitso, a sa lalle, a kunna turaren wuta, dangin mamaci su kawo sabon zane, a yi sadaka, gida ya cika da hayaniya har maƙwabta su san ta fita. Duk wadda ta taka ƙafa ta je, ta shaida cewa matar nan an mutu an bar ta. Wannan ne abin da babu mai son sa hannu a kai.

Da lokaci ya matso Anti ta kira ni a waya da hantsi. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. "Wata mai kamawa zai cika. Ki gaya wa Magajiya. Ba na son komai na kowa, abinci ma ni zan dafa. Su zo kawai."

Na kai saƙo. Magajiya tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malama, kina so in je in tsaya a gaban Allah in ce me?" Na ce ni saƙo aka ba ni. Ta daɗe tana tura tsakuwa gefe da ɗan yatsa. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da turmin atamfa, mai tsadar, irin wadda ake ɓoyewa a ƙasan akwati. Ruwan ganye ce, kalar da Magajiya ba ta sawa, ta sha cewa tana mai da ita kamar kabewa. Ta ɗora ƙullin lalle a kai, ta saka su a leda.

"Ki kai mata ɗinki."

"Awon wa, Hajiya?"

"Ita tela ce. Ta san awon."

"Lallen fa?"

"Mantuwa na yi ya shiga ledar. Ke Malama, komai sai an rubuta miki a allo?"

Na ji daɗi a jirgi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ga yadda mutanenmu ke yi: ba a ce ba, amma an yi. Ranar da ta cika na isa Ladywood da atamfa da lalle da matsefi. Tun daga lif nake jin ƙamshin miya. Anti ta dafa abincin mutum ashirin. Ta jera kujeru, har ta aro na maƙwabciya. Ta leƙa bayana ta ga babu kowa.

Na miƙa mata ledar. Ta shafa atamfar da bayan hannu, ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce in kawo miki ɗinki."

"Ɗinki."

"Anti, kin san abin da take nufi."

"Na sani. Shekara ashirin ina sanin abin da ake nufi."

Na ce to ga ni, ni ma dangin Yaya ce, ta zauna in yi mata kitso. Na faɗi abin da ake faɗa: Allah ya ji ƙanta, ya ba ki ladan haƙuri, kin fita. Ta riƙe hannuna, tafinta duk kantar almakashi. Ta ce, "Na gode, ƙanwata. Amma in fitar mutum ɗaya ce, ai ƙofar ba a kulle take ba. Ko Turawan nan sai da suka nemi shaida biyu."

Muka ci abincin mu biyu a tsakiyar kujerun. Sauran ta zuba min a robobi na hau jirgi da su.

Bayan mako biyu ɗinki ya iso Old Trafford ta gidan waya. Riga da zane da ɗankwali, ruwan ganye, an yi wa wuyan aiki mai kyau. Awon Magajiya ne cif, har da ɗan sakin da take so a hammata. Ƙullin lallen yana naɗe a cikin ɗankwalin, ba a kwance shi ba. Magajiya ta ɗaga rigar ta duba ɗinkin ciki da waje kamar mai neman kuskure. Ta ce, "Hannun yarinyar nan." Ta mayar cikin leda. Ban taɓa ganin ta a jikinta ba.

Shekaru sun wuce. Anti tana fita yanzu, dole ce ta sa: ganin GP, wato likitan unguwa, sayen zare, sallar idi a sahun baya. Har yau ita ke mana ɗinki, har yau muna shiga ɗakin nan a auna mu. Amma idon babu kwalli, kan ya yi furfura a tsefe, kuma duk inda ta je, kafin magariba ta kama hanyar gida. An samo wa maganar sabon bayani, kamar yadda muka saba: wai kwalli na sa mata ƙaiƙayi.

Magajiya ta tsufa, mantuwa ta gaske ta kama ta. 'Yarta ce ke kula da ita. Wani lokaci ba ta gane jikokinta, wani lokaci tana tambaya ko jirgin Kumasi ya tashi. Ni dai tana gane ni. In na shiga na durƙusa na gaishe ta, sai ta kama wuyan hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya don kada 'yar ta ji.

"Malama, yarinyar nan ta Birmingham. Wata nawa ya rage mata?"

Ranar farko da ta tambaya, ta girgiza hannuna ta ce in an kusa in gaya mata da wuri, a sanar da mata, kada a bar baiwar Allah ita kaɗai. Na fita na tambayi 'yar ko za a iya kai ta Birmingham. Ta ce likita ya hana ta doguwar tafiya, ko matakalar gidan ba ta iya sauka.

Yanzu in ta tambaya nakan ce saura kaɗan, Hajiya. Sai ta saki hannuna ta ce, "To, a sayi lalle."