Wace Wayar ce Ba ta da Kyau?

Ƙarfe tara da minti arba'in na safiyar wata Talata, mu uku ne a ƙofar gidana a Demsawo: ni, da mai ɗakina, da maƙwabciyarmu, malamar firamare da ta yi ritaya, Kirista, asalin iyayenta daga kudancin jihar nan. Na san lokacin daidai domin na duba agogo kafin na ɗauki makullin mota. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙi a wata ma'aikata, kuma ban taɓa tayar da inji ban duba agogo ba.

Ga abin da ya kawo ta. Tana da ƙane, shi ma malamin makaranta, da aka tura aiki arewacin jihar. A shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka kori mutane daga garuruwansu, ya kira ta sau ɗaya. Ya ce, "Adda," wato Yaya, "muna kan dutse, batir ya kusa ƙarewa." Daga nan ba ta sake jin muryarsa ba. To, wata 'yar cocinsu da ke noman shinkafa a Damare ta ce ta ga wani ɗan ƙwadago a gonar wani mutum, bahago, da tabo a girar dama, kamar yadda Malama take kwatanta ƙanenta. An ba mai gonar lambar Malama. Ya ce zai kira ƙarfe goma da rabi in ya hau tudun da ake samun sabis, ya faɗa mana hanyar gonar. Ita ba ta da lambarsa. A ranar ne kuma 'yan ƙwadagon za su gama aiki da azahar su wuce gaba.

Kwana biyu ba wuta a unguwa. Wayarta tana kashi huɗu.

"Hamma, za ta kai?" in ji ta. Haka take kirana, wato babban wa, tun da suka tare kusa da mu.

Na ce, "Shiga mota, Malama. Caji ba abin damuwa ba ne a motar nan."

Na faɗi haka da gadara, kuma ina da dalili. A cikin aljihun gaban motata akwai gwangwanin alawa da nake jera igiyoyin caja, kowace a naɗe da roba. Akwai mai ƙaramin baki kamar allura, akwai mai babban baki, akwai mai faffaɗan baki da ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. A ramin kunna sigari kuma akwai baƙin kan caja da ya shekara goma yana nan ba a cire shi ba.

Dole in yi maganar wannan kan cajar kafin in wuce. Lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, kowane gida ya karɓi baƙi. Namu ya ɗauki mutum goma sha tara. Abin da na lura da shi a waɗancan kwanakin, wanda ban taɓa tunaninsa ba, shi ne mutum zai iso da ƙafa a kumbure, bai nemi ruwa ba tukuna, sai ya miƙo maka matacciyar waya. Ba wanda ya gudo da caja. Ba kuma wanda ya haddace lambar kowa. Wata tsohuwa ta riƙe tata da hannu biyu ta ce mini, "'Ya'yana duka suna cikin nan." Sai na riƙa tayar da mota a ƙarƙashin dalbejiya bayan sallar asuba, in sa su layi, kowa minti ashirin, ba ƙari ko da kawuna ne. Da wannan baƙin kan cajar aka yi aikin duka. Na ga waya ta farfaɗo, saƙonni suna ta shigowa, mai ita ya zauna a ƙasa. Saboda haka ban taɓa yarda wani ya ce mini ya tsufa ba.

Wayar Malama sabuwa ce, 'yarta ta aiko mata. Bakin cajinta irin na yanzu ne, siriri mai zagayayyen gefe, wanda masu sayarwa suke kira taif-si. Ina da igiyarsa guda ɗaya da na saya a hannun mai talla a danja, don gwangwanina ya cika. Na ma ɗiga mata farin fenti a fuska ɗaya, kamar yadda na yi wa sauran, don a san sama da ƙasa.

Na sa. Ta shiga. Alamar walƙiya ta fito. Muka tashi tara da arba'in da biyar.

Ba mu bar Demsawo sosai ba Malama ta ce, "Hamma, uku."

"Uku me?"

"Kashi uku. Ɗazu huɗu ne."

Na ce ta duba ko ta zare. Ba ta zare ba. Alamar tana nan. Wannan ya ɗaure mini kai. A sanina abu biyu ne: ko waya tana caji, ko ba ta yi. Ban san akwai na uku ba, wato tana sha tana ramewa. Na gangara gefen titi, na zare igiyar, na juya farin fentin ya koma ƙasa, na mayar. Ta shiga daidai kamar farko, ba gardama. Na sake juyawa. Ta sake shiga.

Malama ta ce, "Kana juya ta kamar mai toya masa."

Duk da halin da take ciki sai da ta yi ɗan murmushi. Ni ban yi ba. Na yi tunanin mu mayar da layinta cikin ƙaramar wayata, amma nata layin ƙanƙane ne kamar farce, tawa kuma babba take ɗauka, ba mu da ma allurar buɗewa. Muka ci gaba. Wayar tana kan gaban mota, rana tana dukanta, Malama tana kunna fuskar kowane minti don ta duba. Kafin mu kai kwanar gada ta koma biyu. Ƙarfe goma da minti biyar.

Kusa da gada akwai wani ɗan kasuwa mai tebur da laima, mutumin kudu, mai furfura a gemu, wanda ya daɗe a Jimeta har Hausarsa ta zama irin ta gari. Na tsaya, na kira shi ya leƙo ta taga. Ya dubi wayar, ya dubi igiyar, ya murza ta tsakanin yatsu biyu.

Ya ce, "Baba, wayan nan ba shi da kyau. Ya mutu. Jefar da shi kawai."

Malama ta dafe ƙirji. "Yesu! Ya mutu? Wata uku fa da saye. Kuma kira nake jira, ɗan'uwana..." Ta fizge wayar ta rungume.

Mutumin ya yi sororo. "Mama, ba wayan ki ba. Wayan shi!"

Na ce, "Wayata tana aljihu, lafiyarta ƙalau."

"Haba, Oga! Waya, waya!" Ya ɗaga igiyar sama yana kaɗa ta kamar ya kama ɓera ta wutsiya. "Wannan wayan!"

Sai a lokacin muka gane. Abin da ake magana da shi waya, abin da ke kai masa wuta shi ma waya. Da ya ce wace ko wane ma da ba mu rabe ba, balle shi da komai namiji ne a bakinsa. Malama ta sauke numfashi ta ce, "Allah ya shirye ka, ka kusa kashe ni." Ya ce, "Sori, Mama, Hausa ne ya yi laifi."

Ya sunkuya ya zaro baƙin kan cajata daga raminsa ba tare da ya nemi izini ba. Na ji abin a raina. Ya juya shi ya yi dariya.

"Wannan kuma kakan caja ne. Ya yi ritaya kamar kai, Baba."

Na ce masa ya kama bakinsa, wannan ya yi aikin da shi bai yi ba. Ya ce bai musa ba, amma in saurara. Na ba shi minti biyu ina duban agogo. Abin da ya bayyana shi ne, wayoyin dā kamar tsuntsu suke sha, ɗigo ya ishe su. Na yanzu kamar saniya. Abu uku ne sai sun yarda da juna kafin caji ya yi sauri: kan da ke cikin mota, da igiya, da wayar kanta. In ɗaya ya gaza, sauran biyun sai su bi shi a hankali. Kan cajata yana ba da ɗigo, igiyata cikinta siririya ce kamar gashi, wayar kuma tana cin wuta wajen hasken fuska da neman sabis fiye da abin da ke shigowa. Ga zafin rana, wanda ya ce yana sa waya ta rage shan wuta da kanta don kada batir ya lalace.

Na ce, "Amma ai ta shiga."

Ya ce, "Shiga daban, aiki daban."

Ya kawo sabon kai mai rami biyu, babba irin na dā da ƙarami irin na jikin wayar, da igiya mai kauri wadda bakinta biyu iri ɗaya ne sak. Na tambaye shi ina kai ina gindi. Ya ce babu. Ina sama ina ƙasa? Ya ce babu. Na nuna masa farin fentina, ya yi dariya har ya dafa mota. Ya sa, ya ɗauke wayar daga rana ya ajiye a inuwa kusa da giya, ya ce wa Malama kada ta taɓa ta. Wayar tana kashi ɗaya. Wani rubutu da ban taɓa gani ba ya fito a ƙarƙashin alamar. Na biya ban yi ciniki ba, abin da ba halina ba ne, muka hau gada ƙarfe goma da sha huɗu.

A kan gada na ɗan waiga kogi. Binuwai ya ja baya, masu kwale-kwale suna can ƙasa. Malama ta zauna a kan hannayenta don kada ta taɓa wayar. Da muka sauka na ce ta duba sau ɗaya. Bakwai. Da muka kama hanyar Damare, goma sha tara. Na nemi ta nuna mini da idona, domin ban yarda ba. A ƙarƙashin dalbejiya, minti ashirin ba ya ba mutum fiye da abin kira biyu.

Kiran ya shigo goma da talatin da huɗu. Mai gonar ya yi kwatance, na sa ta maimaita da ƙarfi ina rubutawa a bayan rasit. Muka bar mota inda hanya ta ƙare, muka taka.

Ba shi ba ne. Bahago ne, da tabon a girar dama, amma ya fi ƙanenta tsawo, kuma harshensu ba ɗaya ba. Tun daga nesa ta sani, na ga yadda tafiyarta ta sauya. Duk da haka ta ƙarasa ta gaishe shi, ta tambaye shi garinsu. Shi ma daga arewacin jihar ya gudo a waccan shekarar. Ta ce, "Mutanenka fa?" Ya ce lambobinsu suna cikin wata waya da ta faɗa rafi a hanya. Malama ta karɓi birona, ta yagi gefen rasit ɗin, ta rubuta masa lambarta, ta ce in ya tuna sunan wani ko unguwarsu ya nemi waya ya kira, cocinsu suna da mutane a can. Ya ce, "Useko, Adda," wato na gode, Yaya. Jin sunan da ƙanenta yake kiranta da shi, ta juya da sauri.

Mun iso Demsawo sha biyu da minti goma, wayar tana kashi tamanin da wani abu. Ba wanda ya duba ta a hanya.

Daga baya na yi gwaji da agogo da takarda, kwana huɗu. Sabon kai da tsohuwar igiya, a hankali. Tsohon kai da igiyar mai talla, ya fi kowanne rashin kuzari. Sabo da sabuwa, sauri. Mutumin bai yi ƙarya ba. Abin da har yau ban gane ba shi ne yadda waya take sanar da kan caja yawan wutar da take so. Na koma na tambaye shi, ya ce suna gaisawa ne ta cikin igiya kafin a fara. Ina nan ina bincike. Baƙin kan yana cikin gwangwani, a naɗe, ban jefar ba.

Malama har yanzu tana jira, kuma wayarta ba ta sake sauka ƙasa da rabi ba. Na tabbata ƙanenta ma, in yana raye, lambarta ce ta mutu tare da batir a kan dutsen nan.

Kai mai karatu, abu ɗaya nake roƙo, kuma yau, ba gobe ba. Buɗe wayarka, zaɓi mutum uku da za su neme ka in ka ɓace, rubuta lambobinsu da biro a takarda, ka ninke ka sa inda kake sa katin shaidarka. In ka gama, haddace ta farkon.