Ranar da Na Musa wa Surukina a Kan Tseren Keke

Shekara tara ina auren 'yarsa, amma ban taɓa zama da surukina fiye da tsawon gaisuwa ba. In mun je Jos, nakan durƙusa a ƙofar ɗakinsa in gaishe shi, ya tambaye ni aiki da sanyin Ingila, in amsa kaina a sunkuye, in tashi. Sauran magana maiɗakina ce ke kaiwa, ita ke kawowa.

Sai wata shekara ciwon zuciya ya kawo shi Landan. Likitoci suka ce za su yi masa aiki, amma sai an jira wasu makonni. Gidanmu a unguwar Camberwell ɗaki biyu ne da falo, babu inda mutum zai ɓuya. Maiɗakina nas ce, tana fita da safe sai magariba. Ni kuwa direban bas ne, ina aikin asuba, kafin azahar na dawo. Haka muka zama mu biyu a gida kullum da rana, ni da Baba. Makon farko a kicin na yi shi, ina wanke kwanukan da an riga an wanke.

Wata rana a watan Yuli ya kira ni in gyara masa talabijin, ya danna wani abu hoto ya ɗauke. Ina ta sauya tasha sai na faɗa kan babban tseren keken nan da ake yi a Faransa, wanda ake mako uku ana yi. Har zan wuce ya ce in bar masa nan. Ya gyara zama, ya ce in faɗa masa abin da Turawan ke cewa, don saurin bakinsu ya yi masa yawa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa na fara fassara.

A ranar na san cewa Baba ya yi shekaru yana gyaran keke kafin ya buɗe shagon kayan gini, kuma ya yi tsere a ƙuruciyarsa a kan duwatsun Filato. Ni ina ba shi abin da masu sharhi ke faɗi, shi yana ba ni abin da ba su faɗa ba. Shi ya nuna mini cewa kowace ƙungiya mutum ɗaya take yi wa aiki, ya sa masa suna madugu. Sauran duk masu hidima ne. Su ke shiga gabansa su tare masa iska, su ke komawa mota su ciko riga da gorunan ruwa, in tayarsa ta yi faci wani ya sauka ya ba shi kekensa. Baba kan kalli kafaɗar mutum ko yadda bakinsa ya buɗe ya ce wannan ya gama, bayan ɗan lokaci kuwa sai ka ga mutumin ya zame baya.

Da aka shiga kwanakin hawan dutse, na riga na bar bakin ƙofa na koma kujera. Muna idar da azahar sai in kawo shayi mu zauna. Mai riga ruwan ɗorawa, wato wanda ke kan gaba a jimlar lokaci, yana da ƙungiya mai ƙarfi. Sukan jeru a gaban ayari su ja da gudu, in na gaba ya gaji ya kauce, na bayansa ya karɓa. Baba ba ya son su, ya ce kamar jirgin ƙasa suke. Zuciyarsa tana kan na biyu, wani siririn mutum mai hawa a tsaye kan feda.

Ranar da muka yi musun, ƙungiyar na biyun ta yi dabara tun da safe. Suka tura mutum biyu gaba cikin waɗanda suka ɓalle daga ayari, don in madugunsu ya kai hari a kan dutse ya tarar da mai ja masa hanya. Baba ya ji daɗi, ya ce yau za a ga aiki. Ɗaya daga cikin biyun ya yi ƙarfi sosai har ya bar kowa, ya kama hanyar cin tseren ranar, kuma masu sharhi suka ce bai taɓa cin irinsa ba. Saura dutse ɗaya sai muka ga ya dafa kunnensa, ana yi masa magana ta rediyo daga motar ƙungiya. Ya sassauta, ya daina taka feda da ƙarfi, yana ta waiwaye. An ce ya jira madugu. Waɗanda ya bari a baya suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Madugun bai taso ba. Ya manne a bayan mai riga ruwan ɗorawa, shi yana kallon na uku, na uku yana kallon na huɗu, babu wanda ya motsa. Haka suka hau dutsen a dunƙule, suka tarar da mai jiran, suka wuce shi, suka tsallake layin ƙarshe tare.

Baba ya ce in kashe talabijin. Ya ce an zalunci bawan Allah, an ƙwace masa abinsa a banza, kuma wanda ba zai kai hari ba bai kamata ya tsayar da ɗan'uwansa ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, ba haka ba ne," na ce. "Gudun da ƙungiyar can ke ja, in ya fita ko minti biyu ba zai yi ba za su kamo shi, kuma ya rasa matsayin da yake da shi. Akwai na'ura a gabansa tana nuna masa ƙarfin da ya rage masa. Ya san abin da ke ƙafarsa, mu ba mu sani ba."

Ya ce in na'ura ce za ta yi hukunci to a tara na'urorin su yi tseren. Na ce mutum yana da iyali, kuma na biyu ma matsayi ne. Ya ce ai mai jiran ma yana da iyali. Muka yi ta yi, muryata tana ɗagawa, har na ga hannuna a sama ina nuna talabijin ɗin da ke kashe. Nan na tuna da wanda nake magana. Kunya ta rufe ni, na fara ba da haƙuri.

Ya yi dariya har da tari. "Ashe kana da murya," ya ce. "Zauna, ɗana, ba ka yi laifi ba."

Bayan la'asar ya ba ni labarin da ya ce ko 'yarsa ba ta sani ba. A tsere mafi girma da ya taɓa shiga, shi ne madugu, abokinsa kuma, wanda suke gyaran keke a rumfa ɗaya, shi ne mai ja masa. Sun shirya cewa abokin zai ƙone ƙarfinsa duka a hawan ƙarshe, shi kuma ya fice daga bayansa. Abokin ya cika alkawari, ya ja har ya faɗi gefen hanya yana amai. Baba kuwa ya dubi mutumin da ke kusa da shi, ya ga kamar bai gaji ba, tsoro ya kama shi, ya ce bari ya ƙara jira kaɗan. Yana cikin jiran hanya ta ƙare, ya zo na uku. Daga baya mutumin nan, wanda shi ne ya ci, ya faɗa masa cewa da ya taso ko kaɗan da ba zai iya binsa ba. Abokin bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu, kuma Baba ya ce wannan shirun ya fi damunsa.

Na ƙara masa shayi.

Kwana uku bayan haka, a dutsen ƙarshe na tseren, siririn nan ya kai hari tun da nisa. Baba ya miƙe tsaye, ni ina roƙonsa ya zauna saboda zuciyarsa. Mutumin nan da aka sa ya jira shi ne ya sake ja masa, suka buɗe tazara, har mai riga ruwan ɗorawa ya rasa masu hidimarsa duka ya zama shi kaɗai. Amma kafin ƙololuwa ƙafar madugun ta mutu. Aka kamo shi, aka wuce shi, matsayi na biyun ma ya suɓuce masa. Na dubi Baba na ce ga abin da nake faɗa. Ya ce gaskiyata ce, lissafina ya fita, amma shi dai yau ya kalli tsere. Da aka nuna madugun da mai ja masa a bayan layi sun rungume juna, ya daɗe yana kallo.

Aikin zuciyar ya yi kyau, alhamdulillahi. Yana cikin murmurewa ya ce ba zai bar Landan ba sai na mallaki keke. Na samo wani tsoho a hannun wani mutum a unguwar Barking, na ɗauko shi a jirgin ƙasa. Likita ya hana Baba ɗaga abu mai nauyi, don haka ya zauna a kujera a tsakar falo yana ba da umarni, ni ina durƙushe kan tsofaffin jaridu da sifana a hannu. Ya sa na cire kaca na wanke, na ɗaure birki, na daidaita giya har sau huɗu kafin sautin ya yi masa. Maiɗakina ta dawo daga aiki ta tarar da mu, ni da baƙin mai har gwiwar hannu, ta tsaya a ƙofa tana kallonmu kamar ta shigo gidan wasu.

Da keken nake zuwa aiki yanzu. Akwai wani ɗan tudu a hanyata wanda a mota ban taɓa lura da shi ba, kullum sai ya sa ni haki. Baba yana Jos da lafiyarsa, kuma wayata yake kira kai tsaye. Yakan tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko ina sa wa kaca mai, sannan ya ce in ba shi 'yarsa in tana kusa.