Baba Kwanta, Mai Kwantar da Mahaya Keke

Shekara ashirin da shida ya yi yana buɗe ɗakin ajiyar kaya na filin wasa tun rana ba ta yi zafi ba. Ya share ƙasa, ya ture tsofaffin tayoyi gefe, ya shimfiɗa tabarmi takwas da duk bakinsu ya tsinke. Sannan ya zauna a benci dafe da ƙugu yana jiran mahaya keke, 'yan tsere da masu kai saƙo har da dattawan da likita ya turo. Duk wanda ya shigo, kalmar farko da zai ji ita ce, "Kwanta." Da haka sunan ya bi shi.

Aiki ne mai cin rai, domin wanda ya zo da keke gudu yake so, ba kwanciya ba. Baba ya gaji da bayani, amma kullum sai ya sake shi: ƙafa feda kawai take takawa, ciki da baya da ƙugu su ke riƙe mutum a kan sirdi. Shi babu wanda ya gaya masa haka lokacin da yake tsere. Bayansa ne ya sauke shi daga keke tun yana da sauran ƙarfi, kuma har yau abin yana yi masa ciwo a rai.

Kowa a filin ya shaida abin da ya yi wa Dogo, mai kai saƙo a keke. Ciwon baya ya sa Dogo a gaba, har maigidansa ya ce in ba zai iya ba, ya ajiye keken a ba wani. Sai ya yi kuskuren da mahaya suka saba yi: ya ɗauka ƙafarsa ce ta yi sanyi, ya shiga hawan tudu bayan an tashi aiki. Ciwon ya ninka.

Baba ya sa shi ya zagaya fili sau ɗaya, yana kallon yadda ƙugunsa ke rawa a sirdi.

"Ƙafarka lafiyarta ƙalau," in ji Baba. "Tsakiyarka ce ba kowa a gida. Kwanta."

"Haba Baba, na zo neman ƙarfi ka ce in kwanta sai ka ce mai jego?"

"Ai mai jego ta fi ka ƙarfin ciki. Kafa gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ɗaga jikin ya miƙe kamar katako. Zan ƙirga talatin."

A tara Dogo ya zube. Sau biyu yana guduwa, sau biyu Baba na takawa har ƙofar gidansa yana ɗingishi ya dawo da shi. Wata biyar suka yi a haka kafin Dogo ya wuni a kan keke bai sauka ya dafe baya ba.

Kai ne ba a ɗaga maka kofi, Baba, ba a yi maka tafi. Kai ne ka ƙirga talatin har muryarka ta dushe, don kada wani ya ƙare yadda ka ƙare.

Makon jiya ya yi ritaya. A ranar ƙarshe wani sabon zuwa ya kasa gane kwanciyar, sai Baba ya sauka ƙasa da kansa ya nuna masa. Nunin ya yi kyau, tashi ne ya gagara. Dogo ya sunkuya, ya ɗaga shi cak, ya zaunar da shi a benci.

Baba yana haki ya ce, "Bayan naka fa?"

"Wallahi ban ma ji shi ba, Baba."

"To, yanzu zan iya tafiya gida."

Mun gode, Baba Kwanta. Allah ya huta gajiyarka. Ku kuma da kuka miƙe a hannunsa, kada ku bari ƙirgen ya tsaya. Gobe da safe wani zai shigo dafe da baya, kuma Baba ba ya nan.