Rabi da Sulusin Jarkar Baba

Ko na tsufa har haƙorana sun zube, ba zan manta da ranar da lissafina ya kusa kashe albasar Baba ba.

Ina aji ɗaya na sakandare a lokacin, kuma ji nake duk Birnin Kebbi babu mai kai irin nawa. Muna da gonar rani a fadamar Zauro, gefe shinkafa, gefe albasar da aka dasa kwana uku da suka wuce. Ranar Baba zai tafi Argungu, sai ya ajiye mini jarkar fetur cike saboda injin ban ruwa.

"Shinkafa na shan rabin jarka, albasa sulusi," in ji shi. "Abin da ya saura ka ba Kawunka. Ka iya dai?"

"Haba Baba, ni da ke boko?"

Da Kawu ya iso a kan babur, na tsuguna na zana lissafi a ƙasa da tsinke, ina wani ɗaure fuska. Ɗaya bisa biyu, a tara da ɗaya bisa uku. Na haɗa na sama, biyu. Na haɗa na ƙasa, biyar. Ke nan biyu bisa biyar ya ishe mu, sauran duk na Kawu ne. Na tuttula masa fiye da rabi.

"Anya ɗana? Wanga mai bai yi yawa ba?"

"Kawu, lissafi ba ya ƙarya."

Ya sa mini albarka, ya kama hanyar garin Gulma.

Kafin azahar injin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Shinkafa ba ta ƙoshi ba, albasa kuwa ko ɗigo ba ta gani ba. Ganyenta ya fara langaɓewa kamar ni a darasin bayan tara. Na ruga gida da gudun da har akuyoyi suka ba ni hanya.

Kakana malami ne, shi ake kira rabon gado a unguwarmu. Na same shi a zaure, na zayyana masa komai. Bai yi faɗa ba. Gemu kawai ya shafa.

"Kai ɗan boko, ka taɓa ganin an ƙara ma rabi wani abu, ya koma bai kai rabi ba?"

Ya zaro dabino shida daga aljihu ya jera a kan buzu.

"Ga jarkarka. Rabinta nawa?"

"Uku."

"Sulusinta fa?"

"Biyu."

"To, biyar ke nan cikin shida. Guda ɗaya tak ne rabon Kawunka. Rabi da sulusi ba su taruwa sai ka yanka su gida iri ɗaya."

Ya cinye na shidan, ya ce in ɗauki jarkata in koma.

Da wannan jarkar na yi ta ɗibar ruwa ina shayar da albasa kwami bayan kwami, har la'asar sakaliya. Na yi sawun da in an miƙe shi zai kai ni Makka. Albasa ta tashi, bayana ne ya kwanta mako guda.

Baba ya dawo, ya dubi gona, ya dube ni, ya ce: "Ashe injin namu biyu ne."

Tun daga ranar ba na tara kashi biyu sai na daidaita na ƙasansu. Kuma duk amsar da na samu, sai na tsaya na tambaye ta ko tana da hankali, kafin in ba wani fetur.