Motar da Ta Sauko Shiru

Ni ba mai fita ba ce. Tun da anka kawo ni Tsarnawa, duniyata ba ta wuce tsakar gida da zaure ba, amma kunnena kullum yana bakin kwalta. Ina zaune ina tankaɗe sai in gaya maka wannan motar albasa ce ta nufi Konni, waccan ta siminti ce daga Malbaza, wancan kuwa moto ne, babur ɗin mai gyaran rediyo, da ke tari kamar tsoho. Maigidana kan ce da da kunne ake zama jandarma, da tuni an ba ni hula.

Gidanmu yana ƙasan gangare. Direbobin wajenmu suna da wata al'ada: in sun ɗauko gawa daga likita, tun daga saman gangaren suke kashe inji, su bar mota ta sauko da kanta, ba kuka ba oda, har ƙofar gidan mamaci. Ba wanda ya sa su, ladabi ne kawai. Haka anka kawo surukina. In mota ta zo maka shiru, ba ka tambayar abin da ta ɗauko.

Wata kaka, ba da daɗewa ba, maigida yana kwance likita a Konni, an yi mishi aiki a ciki. Babban ɗanmu ke jinyarshi. Salular yaron ta daina shiga, kuma maganar ƙarshe da ya yi mini ita ce, "Inna, a dai yi ta addu'a, jikin ya yi zafi."

Da hantsi ina bakin zaure ina sheƙar wake, sai na ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya. Tsakuwar kaɗai. Na ɗaga kai, ga wata ƴar farar mota tana saukowa a hankali, gilas duk a rufe, ta miƙo ƙofarmu. Na kasa kunne iyakar kasawa ko zan ji inji, ban ji komi ba. Faifan ya suɓuce mini. Abin da ya fara zo mini a rai har yau yana ba ni mamaki: motar ƙarama ce ƙwarai, maigida kuwa dogo ne, sai na ce a raina, yaya sunka lanƙwasa shi?

Ban tsaya ta iso ba. Na faɗa cikin gida ina salati, na zube bakin rumbu. Maƙwabtana mata su ma sun ga saukowar, ba wadda ta tambaye ni. Nan da nan gida ya cika. Wata ta kashe wutar murhu, wata ta shimfiɗa tabarmi, wata tsohuwa da ke bayan katangarmu ta riƙe kaina tana cewa, "Haƙuri, ɗiyata, hanyar kowa ce." Wata kuma ta ciro salula ta gaya wa yayar maigida da ke aure Dogarawa.

Cikin kukan nan na ji taku a zaure. Ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa, kamar yadda ta maigida take yi tun faɗuwarshi daga amalanke. Na ce a raina shi ke nan, hankalina ya tafi. Sai ga sallama da muryarshi, ƴar siririya, ga shi kuma ya shigo dafe da kafaɗar taubashinshi, wani mai saida farantan sola a Konni, wanda bakinshi ba ya hutawa.

Kukan ya yanke. Wata ta ja da baya har ta taka kaskon kaji.

Maigida ya dubi tabarmi, ya dubi matan, ya ce, "Wa ya rasu?"

Sai tsohuwar ta saki kaina ta ce, "Kai, Malam."

Taubashin ya zaunar da shi, ya dube ni ya ce, "Matarmu, har kin shiga takaba ba ki gaya mini ba? Ai da na taho da goro na bar wannan can."

Maigida ya ce, "Ka ji ɓarawo. Ko na mutu ba ta auren mai mota kamar akwatin lefe."

Ni dai ban yi dariya ba. Na ce, "Don mi kunka kashe inji a gangare?"

Taubashin ya ce, "Ba ta da injin da za a kashe. Batir gare ta, kamar salula, rana ke cika ta. Don yawon cikin gari anka yi ta, aro anka ba ni in gwada, mutum biyu take ɗauka. Shi ya sa ɗanki ke tafe a motar haya da kaya. Na ga ba ta jijjiga, na ce ɗinkin wannan ragon ba zai buɗe ba."

Tsohuwar ta ce, "To in motarka ba ta kuka, kai ba ka da baki? Da ka leƙo ka yi mata."

Matan sunka fita kallon motar, sunka dawo suna cewa ko ƙofar zuba mai babu, har wata ta sa hannu a gabanta ta ji sanyi ƙalau. Ni ban fita ba. Na dama kunu, rabi a ƙwarya rabi a ƙasa.

Cikin wannan hidima ba wanda ya tuna da Dogarawa. Rana ta take tsaka sai ga yayarshi a bayan kabu-kabu, mayafi a hannu, muryarta ta dishe tun a hanya. Ta shigo ta tarar da ƙanenta zaune kan tabarmar ta'aziyya yana hura kunu. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta daɗe tana kallonshi, sannan ta rarrafo ta kama ɗan yatsan ƙafarshi ta matsa, har ya ce, "Yaya, da zafi." Daga nan ta cire takalminta ta tambaya ina mai motar.

Bayan azahar kowa ya watse, maigida ya kwanta nan inuwar rumbu. Kafin barci ya ɗauke shi ya ce mini, "Ashe haka gidan zai zama." Na ce ya yi shiru. Wake yana nan zube bakin zaure awaki suna ci, ina jin su, ban tashi ba. Na zauna gefenshi ina kallon rigarshi tana ɗagawa tana sauka har anka kira la'asar.