Ragon Darakta da furen lilina

Tun jajibirin Babbar Sallar farko bayan sojoji sun koma bariki nake riƙe da wani Darakta a zuciya. Yau na ga rago ɗaure a kwatas ɗinmu na Garki, abin ya dawo mini sabo.

Ilimin tsirrai na karanta, amma ma'aikatarmu ta ajiye ni gadin fayil. Sai na koma bayan gida ina aurar da furen lili a tukwanen ƙasa ƙirar garin Ushafa. Da gashin kaza nake lakato garin nan ruwan ɗorawa daga farin fure, in shafa a kan tsinken tsakiyar jan fure, wurin mai danƙo, in rufe da takarda kada zuma ta yi mini shisshigi. Daga iri zuwa fure shekaru ne. Tukunya ɗaya ce ta ba ni abin da nake nema: fari mai jan baki, kamar ya ci goro.

Kusa da ita maƙwabcina Darakta ya ɗaure ragon layyarsa da doguwar igiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ragonka ya cinye aikina har saiwa."

Ya leƙa tukunyar. "Haba Malam, fure ne fa! Ana miya da shi ne?"

Washegari ya aiko mini da cinya. Na ci, tunda akwai haƙƙina a ciki.

Masu wa'azin haƙuri, ku faɗa mini ko cinya ta biya. Ni dai na sha sake haɗawa, mai jan bakin bai ƙara fitowa ba.