Guntun muciya da tayar hagu

Shekarun baya, damina bakwai ke nan in ban rikice ba, muka kusa halaka a cikin rafi, ni da maigidana da ɗanmu na fari da ƙanwar maigidan. Ni ban yi boko ba. Autata ce ke rubuta wannan a wayarta, na ce mata ta sa shi yadda na faɗa, ko ta ga ina kuka kada ta tsaya.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, direba ne tun yana saurayi. Da ya bar aiki ya koma noma a ƙauyenmu, can gefen Damaga, sai ya sayi wata tsohuwar farar jif. A kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke tura ta. In an zo yashi ko taɓo, sai ya sauka ya murɗa wani makunni da ke cibiyar kowace tayar gaba, ya koma ciki ya ja ƙaramar giya, sannan na gaban su ma su kama su ja. Ta dama ba ta gardama. Ta hagu kuwa ta tsufa, ko an murɗa ba ta kamawa sai an lallashe ta. Sai ya sa ribas ya ɗan ja baya kamar taku ɗaya, wani yana ƙwanƙwasa murfin makunnin a hankali, har a ji ƙas. Ba ya yarda a buga da ƙarfe, wai murfin zai tsage. Guntun muciyata da ta karye ya ɗauke ya ajiye ƙarƙashin kujera. Mai ƙwanƙwasawar kuma ni ce, don bayan yara sun watse, ni yake ɗauka in za shi kasuwar Damri, ya sauke ni wajen 'yan uwana a Bakura.

Nakan ce masa, "Malam, kai da ka tuƙa manyan motoci, yau muciyar tuwo ce makanikinka?"

Sai ya ce, "Ke dai kasa kunne. In ta hagu ba ta kama ba, ta daman ma banza ce. Biyu ne ko babu."

Akwai abin da sai na faɗa kafin a gane sauran. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Tun da na haifi nawa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallon idonsa na yi masa magana ba. Ƙanwar maigidana ce ta yaye shi ta rene shi. In ina da magana sai in ce, "A gaya wa wancan," ko da yana zaune gabana, ita kuma ta maimaita masa. Haka muka yi har ya yi furfura, har ya zama malamin makaranta a Gusau. Bai taɓa jin haushi ba, ni ma ban taɓa ganin abin da nauyi ba.

Ranar da abin ya faru, damina ta yi tsakiya, gero ya fi mutum tsawo. Ɗan nawa ya zo gaishe mu, ya bar 'yar motarsa a Maradun ya ƙaraso a babur. Da hantsi Malam na alwalar walaha, sai na ji buta ta faɗi. Na fito na tarar da shi kwance, baki ya karkace, ɓarin dama ya saki. Yana kallona, yana son magana, babu magana.

Ɗan nawa ya ce sai asibitin Talata Mafara. Ya kwantar da kujerun jif don a shimfiɗa tabarma, ya kwaso tarkacen da ke ƙarƙashi ya zubar a ƙofar gida. Gwaggonsa ta ga muciyar a ciki ta ce, "Ikon Allah, mi muciya ta ke yi cikin mota? Tuwo kuke tuƙawa a hanya, matar yaya?" Na duƙa na ɗauke ta na soke a zanena. Wallahi ba don na yi tunanin komai ba, kawai ban so a taka abin Malam.

Tsakaninmu da kwalta akwai wani rafi mai faɗi, gaɓoɓinsa dogaye, cikinsa yashi zalla. A garinmu ba a yi ruwa ba ranar, amma gabas ta yi baƙi ƙirin tun safe. Kowa a ƙasarmu ya san halin rafin nan. Ruwan da aka yi can nesa shi ke zuwa, kuma ba ya sallama.

A bakin gaɓa ɗan nawa ya tsaya, ya sauka ya murɗa makunnan biyu kamar yadda ya ga ubansa na yi, ya ja ƙaramar giya. Wata koriyar fitila ta kama a gabansa. Ya ce, "Ta shiga," ya gangara. Ni ina baya, kan Malam a cinyata. Ban ji ƙas ba. Na san ban ji ba. Amma na ce a raina, mutumin da ya yi karatu, ga fitila ta gaya masa, ni wace ce? Na yi shiru. Wannan shirun har yau yana cina.

Muna kai tsakiyar rafi mota ta tsaya. Ya taka totur, tayoyin baya suka yi ta watsa yashi, muna jin gindin motar yana nutsewa. Ya fita, ya koma, ya mayar da giya ya sake ja, fitila ta sake kamawa, ya sake takawa. Muka ƙara nutsewa.

"Giyar ce ta lalace," in ji shi. "Gwaggo, sauka ki leƙa ƙasa. Akwai wani dogon ƙarfe da ya nufi gaba, farfela. In na taka, ki ga ko yana juyawa."

Ta sauka tana mita, ta durƙusa. Ya taka.

"Yana juyawa! Kamar mazari!"

"To tayoyin gaba fa?"

"Suna nan zaune kamar surukai."

Ya dafa kai. Giya lafiya, farfela lafiya, makunnai a murɗe, amma mota ba ta ja. Ya rasa inda ciwon yake. Ni na sani. Na ce wa gwaggon ta taga, "A gaya wa wancan ta hagu ce ba ta kama ba. Ya ɗan ja baya."

Ta juya ta ce, "Wai ka koma baya."

"Baya ina, Gwaggo? Asibiti na gaba! Ku bar ni in yi tunani."

A lokacin ne wani makiyayi ya bayyana a kan gaɓar da muka nufa, yana ɗaga sanda yana ihu. "Ku fito! Ruwa na tafe! Ku bar motar nan!" Sai na ji iska mai sanyi ta shigo, mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na leƙa sama da mu, na ga wani siririn ruwa ja yana rarrafowa a kan yashi, yana turo kumfa da karare. Bayansa kuma akwai wani ruri can nesa, kamar garken shanu a guje. Na taɓa ganin rafin nan ya wuce da raƙumi da kayansa.

Ɗan nawa ya buɗe ƙofar baya ya ce zai goya ubansa. Malam mutum ne mai jiki, yashin kuma yana kai wa ƙwauri, gaɓar da tsawo. Ko sun haura, ina za mu kai shi ba mota, a daji, ruwa ya raba mu da gida? Gwaggo sai salati take, ta kasa maimaita komai.

Sai na ji an kama ni. Hannun Malam na hagu ne, mai ran. Ya lalubo zanena har ya taɓa muciyar, ya riƙe ta, ya tura mini a ciki. Idonsa a kaina. Bakinsa na rawa, yawu na zuba, amma na ji abin da yake faɗa sarai kamar da baki ya faɗa.

Na zare cinyata daga ƙarƙashin kansa na diro. Ruwa ya riga ya kai idon sawu, sanyi kamar ƙanƙara. Na tsaya gaban ɗana, na ɗaga kai na kalli tsakiyar idonsa, na kira sunansa. Da ƙarfi na kira. Sunan da ban taɓa ɗora wa harshena ba shekara arba'in da wani abu.

Ya sandare. Gwaggo ta daina salati ta buɗe baki.

Na ce, "Shiga ka sa ribas. Kada ka taka da ƙarfi. Ka ja baya kaɗan, ka sake ta, ka kuma ja. In na ce tsaya ka tsaya."

Ya ce, "To, Inna." Muryarsa kamar ta yaro.

Na tsuguna a gefen tayar hagu, zanena cikin ruwa. Na warware makunnin na sake murɗa shi, kamar yadda Malam ke yi. Mota ta yi ɗan motsi baya, na ƙwanƙwasa. Shiru. Ta dawo, ta sake motsawa, na ƙwanƙwasa. Shiru. Rurin ruwa ya cika mini kunne, karare suna bugun ƙafata. Na ce ko ta kama ba zan ji ba. Sai na kifa tafin hannuna a kan murfin, na ce Ya Allah, na buga a gefe.

Ban ji da kunne ba. A tafin hannuna na ji shi. Ƙas.

"Tsaya! Sa ta gaba! A hankali!"

Tayar ta juya a gaban idona, ta ciji yashi. Motar ta yi nishi, ta ɗago gindinta. Makiyayin ya riga ya gangaro, shi da gwaggo suka tura, ni kuma na riƙe ƙofa ina gudu ina faɗuwa, takalmina ɗaya ya tafi. Muna haurawa gaɓa na waiga. Inda muka tsaya babu yashi, sai jan ruwa yana birgima da wani kututture.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka hau kwalta. Can gwaggo ta share fuska ta ce, "Ashe kin san sunan nasa, matar yaya. Ni na ɗauka kin manta." Ɗan nawa ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, yana tuƙi yana share ido da hannun riga. Ni kuwa kunya ta dawo mini gaba ɗaya, na ja mayafi na rufe fuska. Malam yana riƙe da yatsana har Talata Mafara.

Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Malam ya ƙara damina biyu a duniya. Bai sake magana ba, amma yana zama a zaure, yana jan carbi da hagu, ya ga auren autarmu. Damina biyun nan, da ni da shi, ba zan iya faɗin daɗinsu ba. Ranar da ya cika ina kusa, hannuna a nasa.

Har yau in gabas ta yi baƙi gabana yana faɗuwa, in ji sanyin ruwan nan a ƙafata. Abin da ya fi ba ni tsoro ba ruwan ba ne. Shirun da na yi a bakin gaɓa ne, ina sane, don kada in yi wa ɗana magana. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, ban kuma yar da ita ba. Amma ta kusa cinye mini mutum uku a rana ɗaya.

An sayar da jif ɗin bayan rasuwa. Na aika a gaya wa wanda ya saya halin tayar hagu, amma muciyar ban bayar ba, tana ƙarƙashin matashina. Ɗan nawa kuwa ban sake kiran sunansa ba tun ranar. Sai dai yanzu in ya zo gaishe ni, ba na cewa a gaya wa wancan. Ni nake gaya masa.